Adon Harshe a Rubutun Labari: Yadda Ake Sa Shi Daidai Wa Daida

Duk mai bin labaran da ake sakewa a WhatsApp da Wattpad da Facebook ya san yarinyar nan. Fara ce tas, idanunta dara-dara farare kamar madara, hancinta kamar biro, gashinta har gadon baya, in ta yi dariya sai ka ce gonar auduga. Ta fito a labarin wannan marubuciya, ta fito a na waccan, suna kawai ake sauya mata. Wanda ya fara haɗa farin ido da madara ya yi azanci. Na dubu da ya maimaita bai ba mai karatu komai ba, domin ido kan tsallake jimlar tun bai kai ƙarshenta ba.

Sunayen adon harshe, wato dabarun ƙawata zance, da za ka ci karo da su a nan, irin su kamantawa da siffantawa da jinsintarwa da alamtarwa, su ne ake koyarwa a darasin adabin Hausa. Malamai irin su Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ta Kano sun yi aiki sosai wajen tsara su, galibi domin feɗe waƙa. Wanda ya yi karatun zaure kuma ya san danginsu a ilimin balaga: tashbihi, isti'ara, kinaya. Sanin sunayen na taimaka wa mai jarrabawa. Mai rubuta labari kuwa abin da ya fi buƙata shi ne ya san inda zai sa kowanne, da inda zai haƙura.

Mataki na 1: Fara da labarin tsurarsa

Kafin ka nemi ado ko ɗaya, rubuta abin da ya faru da jimloli gajeru, kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Ga misalin da za mu yi ta aiki a kansa:

Talatu mai ƙosai ce. Jarinta ya karye saboda tsadar wake da mai. Ta je gidan yayanta Sale neman rance. Matarsa Hajara ba ta ji daɗin zuwanta ba. Sale ya ba ta abin da bai kai rabin buƙatarta ba. Ta karɓa, ta yi godiya, ta koma gida.

In wannan bai tsaya da ƙafarsa ba, babu adon da zai tsayar da shi. In ya tsaya, ɗauki biro ka yi alama a wuri biyu ko uku inda zuciyar mai labarin ke motsi. A nan wuraren su ne bakin ƙofa lokacin da za ta yi sallama, sa'ar da Hajara ta buɗe baki, da sa'ar da ta ƙirga kuɗin. Can ne ado zai sauka. Tafiyar da ta yi a hanya, da gaishe-gaishen maƙwabta, a bar su yadda suke. Wanda ke shirin shiga gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta gajerun labarai, ya fi kowa buƙatar wannan horo, tunda ƙayyade yawan kalmomi ake yi.

Mataki na 2: Kamantawa

Ita ce kowa ke fara kamawa, ita ce kuma aka fi ɓatawa, saboda haka za mu daɗe a kanta.

Kamantawa ita ce ka jera abu biyu ka ce wannan ya yi kama da wancan, da kalma irin kamar, tamkar, sai ka ce, ko awa a bakin Basakkwace. Masu balaga sun ce ginshiƙanta huɗu ne: abin da ake kamantawa, abin da ake kamanta shi da shi, kalmar da ta haɗa su, da fuskar da suka yi kama. Na huɗun nan shi ne yakan suɓuce wa marubuci. In ka rubuta "hannun Sale kamar dutse", me kake nufi? Tauri ne saboda aikin ƙarfi, ko rowa, ko nauyin mari? Kai ka sani a ranka, mai karatu bai sani ba. Ko dai jimlolin da ke kewaye su nuna fuskar, ko ka faɗe ta.

Ana kasa ta gida uku. Akwai ta daidaito: maganar Hajara kamar garwashi. Akwai ta fifiko: maganar Hajara ta fi garwashi ƙuna. Akwai ta kasawa: ko garwashi bai kai maganar Hajara ƙuna ba. Marubuta da yawa na farkon kawai suka riƙe, har shafi guda ya cika da "kamar" bakwai. Juya zuwa sauran biyun kan hutar da kunne.

Babbar tambaya ita ce, daga ina za ka ɗauko abin kamantawar? Daga duniyar mai labarin, ba daga taka ba. Talatu ta san kasko, da matsami, da ƙullu, da injin markaɗe, da hayaƙin ɗanyen itace, da yadda mai ke yi in ya ƙone. In magana ta soke ta, da waɗannan za ta auna zafin. Saboda haka: "Maganar ta faɗa mata a rai kamar ɗigon ruwa a tafasasshen mai." Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai suya ya ji ƙarar, ya kuma san yadda ake ja da baya. Jimlar ta yi aiki biyu, ta nuna zafin maganar, ta kuma tuna mana sana'ar matar ba tare da an sake faɗa ba. Da direban tirela ne, da birki da gangara da zafin inji za a nema. Da tela ne, sai a duba zare da almakashi da ranar jajiberin salla.

Wannan ne ya sa "fari kamar dusar ƙanƙara" ke zama baƙo a labarin yarinyar da ba ta taɓa wuce Gumel ba. Ta san auduga, ta san alli, ta san nono a ƙwarya, ta san hazon hunturu. In jarumarka ɗaliba ce a Rasha, to dusar ƙanƙara hakkinta ce.

Ga dabara mai sauƙi. A kowane wurin da ka yi wa alama, rubuta kamantawa biyar a gefen takarda, ka jefar da biyun farko ko da sun yi maka daɗi. Su ne waɗanda suka zo da sauri saboda ka sha jin su a bakin wasu. Ta uku zuwa ta biyar ne ka fara tunani da kanka.

Mataki na 3: Siffantawa

Cire "kamar", ka ce abin shi ne kaza kai tsaye: Hajara kunama ce. Ta fi kamantawa ƙarfi domin ba ta bar ƙofar musu ba. Kirarinmu cike yake da ita. Kano tumbin giwa, damo sarkin haƙuri. Ba a ce Kano ta yi kama da tumbin giwa ba, an ce ita ce.

Ana iya yin ta gajeruwa a jimla ɗaya, ana iya jan ta ta yi tsawo. In za ka ja ta, riƙe hoto ɗaya har ƙarshe. Dubi wannan: "Talauci kura ne, ya yi mata ambaliya, ya ƙone ta ƙurmus." Kura ba ta ambaliya, ambaliya kuma ba ta ƙona komai. In ka fara da kura, sai ta yi sanɗa, ta yi kuka a bayan gari, ta shigo da dare ta ɗauke akuya. In ba za ka iya bin ta haka ba, tsaya a jimlar farko.

Akwai kuma siffantawar da ta daɗe a baki har ta zama magana ta yau da kullum: jari ya karye, gabana ya faɗi, cikinsa ya ɗuri ruwa, tana da farin jini, yaron na da dogon hannu, jikina ya yi sanyi. Waɗannan kada ka ƙirga su cikin ado, kada kuma ka guje su. Su ne Hausar kanta. Abin gudu shi ne wanda aka kwaso daga Turanci aka sa masa rigar Hausa, irin "zuciyata ta tsallake bugu ɗaya" ko "ya karya shirun". Bahaushe gabansa ne ke faɗuwa, kuma in an yi shiru wani ne ke yin gyaran murya.

Mataki na 4: Amsa-kama da zaɓen aikatau

Wannan gajere ne, amma a ganina nan ne Hausa ta fi arziki. Amsa-kama ita ce 'yar kalmar da ke ƙarfafa kama ko yanayin abu: fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, sabo fil, ya cika maƙil, ya tsaya cak, ya miƙe zumbur, ya faɗi tim, wuri ya yi tsit. Kalma ɗaya kan yi aikin da kamantawa mai kalma goma za ta yi. Sai dai kowace da abokin tafiyarta. Babu "baƙi fat", babu "ya zauna zumbur". In kana shakka, tambayi tsohuwa a gidanku, nan take za ta gyara maka.

Haka ma aikatau. Talatu ba "shiga" gidan kawai ta yi ba. Mai zuwa neman rance lallaɓawa take yi, ta raɓe a gefen tabarma. Mai zuwa karɓar bashi shi ke faɗawa gida ko ya kutsa kai. Sau da yawa in ka sami aikatau da ya dace, za ka ga kamantawar da ka shirya ba ta da sauran aiki.

Mataki na 5: Jinsintarwa

Ita ce ba wa abu halin wani jinsi. In ka ba abin da ba mutum ba halin mutum, ka yi mutuntarwa: bashi ya bi ta har ɗaki ya hana ta barci. In ka ba mutum halin dabba, ka yi dabbantarwa: Hajara ta yi gurnani, ta sare ta da magana. In ka mai da mai rai abu marar rai, abuntarwa ke nan: Sale ya narke a kan kujera. Duk wanda ya tashi da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi bai buƙatar dogon bayani a kan wannan.

Hattara ɗaya ce. Dabbobi na da halin da Bahaushe ya riga ya ba su. Dila wayo, kura kwaɗayi da tsoro, zaki sarauta, damo haƙuri, hawainiya nawa da sauya launi. In ka karanta a littafin Turawa cewa mujiya alamar hikima ce, ka kira malamin labarinka mujiya, mai karatunka zai ɗauka kana nufin mutumin da kowa ke tsangwama.

Mataki na 6: Adon da ke bakin mutane

A nan ne labarin Hausa ke rayuwa ko ya mutu. Mutanenmu ba kasafai suke faɗin abin da ke ransu ƙarara ba, musamman tsakanin dangi da surukai. Saurari yadda zuwan Talatu zai iya kasancewa:

"Salamu alaikum."

"Amin, alaikumus salam. A'a, Gwaggon yara ce da sassafe haka? Lallai yau mun tashi da sa'a."

"Ina kwana, Yaya Hajara. Yaya yana ciki?"

"Yana ciki." Ta juya ta kori kazar da ke tsattsagar tsaba a gindin turmi. "Ke kuma kullum kina bakin turmin mutane. Ba ki san hanyar gidanku ba ne?"

Da Sale ya fito suka gaisa, Talatu ta sunkuyar da kai.

"Yaya, dama kaskon ne, kwana biyu ban ɗora ba."

"To, Talatu, kin dai san yadda garin yake."

"Na sani, Yaya."

Duba abin da ya faru. "Mun tashi da sa'a" gatse ne, an faɗi kishiyar abin da ake nufi, irin na uwar da ɗanta ya fasa tangaran ta ce masa, "Madalla, je ka ɗauko sauran." Maganar kaza habaici ne. Ba a kama suna ba, amma mai shi ta ji a jikinta, kuma ba ta da bakin ramawa, domin in ta tanka za a ce ai da kaza ake. Da Hajara ta dubi Talatu ta siffanta ta da muni a fili, da ya zama zambo, kuma da labarin ya koma faɗa tun ba a je ko'ina ba. Talatu kuwa ba ta furta kalmar rance ba sam. Ta ambaci kasko, yayanta ya gane. Shi ma bai ce babu ba, ya ambaci gari. Wannan sakaya zance ne, ɗan'uwan abin da masu balaga ke kira kinaya.

Sakayawa ta game rayuwarmu. Ba a cika cewa wane ya mutu ba, sai ya rasu ko ya riga mu gidan gaskiya. Mace na da juna biyu, ta sauka lafiya. Uwa ba ta kama sunan ɗan farinta, matar aure ta ce Malam ko Maigida ko Baban wance. In tsohuwar ƙauye a labarinka tana kiran mijinta da sunan yanka, mai karatu zai daina yarda da kai daga wannan layin.

Sai karin magana. Abu uku nake dubawa. Na farko, wa ya faɗa? Karin magana ya fi zama a bakin wanda ya ga jiya ya ga yau. Ɗalibin jami'a da ke jera karin magana uku a hira da budurwarsa ba mutum ba ne, marubuci ne ya ɓuya a bayansa. Matasa sara suke yi, ita ma tana da ranarta, sai dai takan tsufa da wuri. Na biyu, ba dole ne a faɗe shi duka ba. Idan Talatu ta dawo ta ba maƙwabciyarta labari, tsohuwar ta girgiza kai ta ce, "Uhm, rijiya ta bayar...", ta yi shiru, mai karatu zai ƙarasa da kansa cewa guga ya hana, kuma zai san wace ce gugan. Na uku, kada ka bi shi da sharhi. Da zarar ka rubuta "ma'ana dai", ka nuna ba ka amince da mai karatunka ba.

Mataki na 7: Kambamawa da alamtarwa

Kambamawa gidanta bakin maroƙi da mai kirari da mai tatsuniya. A labarin da ke son a yarda da shi, bar ta a bakin mutanen ciki. Hajara na iya cewa, "Sau dubu tana zuwa gidan nan," ya dace da halinta. Amma in kai mai ba da labari ka ce Talatu ta yi kuka har hawayenta suka cika randa, ka mai da tausayi abin dariya.

Alamtarwa ita ce wani abu da ake gani ya tsaya a madadin wanda ba a gani. Wasu alamomin kowa ya san su: rawani sarauta, allo karatu, lalle aure, likkafani mutuwa. Wasu kuma kai ne za ka gina su a cikin labarin. A namu, kasko ne. A farko muna ganinsa a kife a jikin bango, ƙura ta hau shi. A tsakiya Talatu ta ambace shi a gaban yayanta. A ƙarshe, ko ta ɗora shi a murhu ko ta ɗauka ta kai kasuwa, duk wanda ka zaɓa ya gaya wa mai karatu makomarta. Sau biyu ko uku ya isa ya bayyana. Kada ka taɓa rubuta cewa kaskon nan shi ne rayuwarta.

Mataki na 8: Karanta da baki

Tashi tsaye ka karanta a bayyane, ko ka naɗi muryarka a waya ka saurara. Hausa harshen kunne ce, abin da ido ya yafe kunne ba ya yafewa. Nan za ka ji inda maimaitawa ta yi amfani, kamar "Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa. Ta kuma ƙirgawa," da inda ta zama ci da zuci. Nan za ka ji inda baƙaƙe iri ɗaya suka taru suka harɗe harshe, ya koma wasan yara na "turmi ture kura, kura ture turmi". Karangiya, wato wannan tara baƙaƙe iri ɗaya, da amsa-amo, wato ƙafiya, kayan waƙa ne, in suka yi yawa a zube sai hankalin mai karatu ya bar Talatu ya koma kan gwanintarka.

Ka tuna kuma ba ma rubuta karin sauti da tsawon wasali. Wasa da kalma irin "gari" na zama da "gari" na tuwo yana fita sarai a baki, a rubuce kuwa sai jimlar ta tallafa masa. Baƙaƙe masu ƙugiya ma haka: in wayarka ba ta da ɓ da ɗ da ƙ, sa mata allon rubutun Hausa kafin ka saki labarin.

Mataki na 9: Tacewa

Ajiye rubutun ya kwana, sannan ka dawo ka ja layi a ƙarƙashin kowane ado. Cire shi ka karanta jimlar. In ba a rasa komai ba, kada ka mayar. In biyu suka haɗu a sakin layi ɗaya, bar mai ƙarfin. Ga yadda wurin ƙirga kuɗin zai iya fitowa bayan an tace:

Sai da ta sha kwanar masallaci sannan ta kwance bakin zanenta. Ta ƙirga. Ta sake ƙirgawa. Ko mudu biyu na wake ba za su saya ba, balle mai. Ta tsaya cak a tsakiyar hanya har wani mai kura ya yi mata tsawa. Maganar kazar nan ce ta dawo mata, kamar ɗigon ruwa a tafasasshen mai. Ta ƙulle kuɗin, ta gyara mayafi, ta nufi wajen mai awo.

Kamantawa ɗaya ce a ciki, amsa-kama ɗaya, maimaitawa ɗaya. Saura duk zallar labari ne, kuma shi ya ba ukun nan wurin yin aiki.

Daga nan ba wa mutum biyu su karanta, ɗaya mai yawan karatun labarai, ɗaya wanda ya san sana'ar da ka rubuta a kai. Kada ka tambaye su ko ya yi daɗi, kunya za ta sa su ce ya yi. Tambayi na farko wace jimla ce ya taɓa gani a wani wuri, ka goge ta. Tambayi na biyu ko mai ƙosai za ta faɗi haka, in ya ce a'a, ka nemi ya gaya maka yadda suke faɗa, ka rubuta shi yadda ya fito daga bakinsa.